Masu Rubuta Wasiƙa da Amanar Asirin Talaka

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Cikin abin da ya faɗa hannunsu har da tarin wasiƙu da aka samu a gidan Waziri Buhari. Wasiƙu ne na Larabci da sarakuna da wakilansu suka riƙa aikowa, suna ba da labarin motsin Nasara, suna neman shawara, wasu suna kai kuka. Babu wanda ya rubuta ɗaya daga cikinsu da tunanin wata rana abokin gaba zai zauna ya karanta ta a tsanake, amma haka aka yi. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara su zuwa Turanci, aka buga su a Legas a 1927. Masu nazarin tarihi suna murna da samun su, ni ma haka. Sai dai duk lokacin da na tuna da su, abin da ke fara zuwa mini shi ne, asirin da aka tara wuri guda, duk wanda ya mallaki wurin ya mallake shi, ko da ba shi aka rubuta wa ba.

Waɗannan wasiƙun manya ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙar talaka, da sana'ar mutanen da suka daɗe suna rubuta masa ita. Baffana yana cikinsu. A bakin gidan waya na Funtuwa ya yi rayuwarsa, da ɗan teburinsa da benci. Sana'ar ta kusa ƙarewa, amma larurar da ta haife ta tana nan daram: wanda bai iya sarrafa abin aika saƙo ba, tilas ya sa asirinsa a hannun wanda ya iya. Idan aka bi tarihin sana'ar za a ga abin da ya tsare wannan asiri a da, a kuma ga abin da muka bari ya zube sa'ad da wayar salula ta shigo.

Alƙalami da hatimi

A daular Usmaniyya da takarda ake tafiyar da mulki. Tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, gidan Waziri ne mahaɗar takardun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas irin su Kano da Zazzau. Kowane sarki yana da magatakarda, yana da hatimin da ake bugawa a saman takarda don a san inda ta fito, yana da manzanninsa sanannu. Hatta muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno a kan halaccin jihadi, ta takarda aka yi ta, Bello kuma ya adana wasu daga ciki a littafinsa Infaƙul Maisuri. Hatimi shaida ne kawai na mai aikowa, ba ya hana a karanta. Abin da ke hanawa shi ne amincin manzo, da sanin abin da zai same shi idan ya ci amana.

Ko a wancan zamani akwai ranar da tsaro da amana suka yi karo. A ƙarshen 1826 Baturen nan Hugh Clapperton, wanda yake kiran kansa Abdullahi, ya dawo Sakkwato karo na biyu ɗauke da takarda da kyaututtuka daga gwamnatin Ingila zuwa ga Shehun Barno. Ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno. Sarkin Musulmi Bello ya nemi a ba shi takardar. Clapperton ya nuna cewa ba shi da ikon miƙa ta ga wanda ba shi aka rubuta wa ba. Aka karɓe ta duk da haka, tare da kayan, waɗanda a cikinsu akwai makamai. Clapperton bai bar Sakkwato ba, a nan ya rasu a Afrilun 1827. Kowannensu yana da hujja. Sarki ba zai zuba ido a ratsa ƙasarsa da saƙo da bindiga zuwa ga wanda yake yaƙi da shi ba, ɗan aike kuma ba zai ba da abin da aka damƙa masa ba. Kusan shekara ɗari biyu ke nan, kuma gardamar da muke yi yau a kan ko hukuma tana da ikon sauraren wayarmu ita ce dai wannan.

Talaka ba shi da magatakarda, malamin zaure ne magatakardansa. Falke da ya bi ayari zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni bai ga gida ba. Maniyyacin da ya kama hanyar Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, yakan yi shekaru. Irin waɗannan su ne masu buƙatar takarda: ta bashi, ta gado, ta sanar da haihuwa ko rasuwa, ta saki. Buƙatar ta kai har Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete Krachi a Gana ta yau, ya wallafa littafi a 1877 mai suna Sarhatul Wariƙa, yana koya wa malamai yadda ake tsara wasiƙa iri-iri. Takardar talaka hannu uku take bi kafin ta isa: na mai rubutawa, na mai kaiwa, da na mai karantawa a can. Mai maganar da wanda ake wa maganar, wataƙila babu ɗayansu da ya iya ganin abin da ke jikinta.

To me ya tsare ta? Na farko dai addini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ɗora wa marubuci adalci, ta bar shifta a bakin wanda bashin ke kansa. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Duk malamin da ya ɗauki alƙalami ya san waɗannan. Na biyu, an san shi, an san gidansu, an san wanda ya karantar da shi. In ya yi ɓaram-ɓarama ba shi da wurin ɓuya. Na uku, ba ya ajiye kwafi. Da zarar takarda ta shiga gafaka, abin da ya rage a wurinsa sai wanda ke cikinsa, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Su kansu masu aikawa suna da tasu dabarar. Maganar da ta yi nauyi ba a rubuta ta, sai a sa a ƙarshe cewa sauran bayani yana bakin mai kawo takarda.

Tebur a bakin gidan waya

Turawa sun zo da wayar tangaraho da kan sarki da ambulan. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, buhunan wasiƙu suka fara tafiyar kwana biyu ko uku a inda ayari ke yin wata da watanni. Amma gidan waya ba ya karɓar adireshi da ajami, ofishin Joji da na En'e kuma suna son ƙorafi a rubuce. Daga nan aka sami sabon mai sana'a, wanda ya ɗan taɓa boko, ya kafa tebur a bakin gidan waya ko ƙofar kotu, yana rubutu ana biyansa. Tun da kuɗi ya shigo, ha'inci ma ya shigo, har gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba. Dokar ta ce duk wanda ya rubuta wa wani takarda, sai ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, kuma sa sunan yana nufin ya shaida cewa abin da aka umarce shi ya rubuta, ya karanta wa mai ita, ya yi masa bayani kafin ya dangwala yatsa. Har yau ana aiki da irin wannan doka a kotunan Najeriya.

Gidan waya ya ƙara hannu na huɗu, na hukuma. Waɗanda suka fara jin nauyinsa sosai su ne samarinmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, tsakanin 1943 da 1945. Wasiƙar soja ba ta barin sansani sai jami'i ya duba ta, ya soke duk abin da ya ga zai nuna inda runduna take. Tsofaffin soja da na tarar suna zuwa teburin Baffa karɓar taimako a kan takardun fansho suna ba da wannan labari ba tare da ɗaci ba. Sun san ana karantawa, an faɗa musu, don haka sun san abin da za su sa da wanda za su bari.

Na san teburin ne a tsakiyar shekarun 1970, ina ɗan firamare. Funtuwa garin auduga ne da tashar jirgi, baƙi ba sa yankewa. Kayan aikin Baffa ba su da yawa: fakitin takarda mai layi, biro, ambulan, kan sarki a cikin gwangwani, takardar kabon, da tawadar dangwale. Daga baya ya sayi tsohuwar tafireta don takardun kotu. Masu zuwa kuwa manoma ne da aka riƙe wa kuɗin auduga, iyayen 'yan ci-rani da ke Sabon Ibadan ko Agege, masu neman aiki, da yara da matan kulle suka aiko da saƙo a baki. Kowace wasiƙa tana farawa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tana ƙarewa da haza wassalam. Tsakanin waɗannan biyu kuwa akwai duk abin da mutum ke ɓoye wa maƙwabcinsa: hatsi ya ƙare tun kafin damina, yarinya ta yi yaji, an ci bashi don a yi suna, ciwon da ake jin kunyar faɗa.

Dokokin Baffa uku ne, ban taɓa jin ya jera su ba, a aikinsa na gan su. Benci yana nesa da tebur, wanda ake wa rubutu kaɗai ke matsowa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. In ya gama, sai ya karanta wa mai ita daga farko har ƙarshe, ya ce, “Haka ka ce, ko in gyara?” Sannan ba ya barin komai a wurinsa. In an buga kwafi biyu, duka na mai takarda ne. Hatta takardar kabon da aka yi aiki da ita sau ɗaya, da yake ana iya ɗaga ta a rana a karanta abin da aka buga, da yamma yakan haɗa su ya ƙona. Wata rana wani attajiri ya tsaya a kansa yana son sanin ko wani da yake bi bashi ya rubuta wa ɗansa a aiko masa da kuɗi. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri. Ranar da ka zauna a nan ka faɗa mini taka, haka zan amsa wa wanda ya zo tambaya.” Alhajin ya yi shiru, ya yi sallama ya tafi. Bayan wasu watanni shi da kansa ya dawo aka rubuta masa takarda.

Mu 'yan makaranta mu ne hannu na uku. Da yake yaro yana shiga cikin gida inda babba ba ya shiga, mu ake kira mu karanta wa mata wasiƙa, mu rubuta amsa, a ba mu kwabo ko ƙuli-ƙuli. Ranar da aka fara kirana, Inna ta riƙe hannuna a zaure ta ce, “Abin da ka karanta a ɗakin mutane, ka bar musu shi a ɗakinsu. In na ji shi a bakinka, ko ni ka faɗa wa, ka daina zuwa.” Ba ina cewa wancan zamani ba shi da aibi ba. Akwai mai karatun da ke tsallake layin da aka ambaci kuɗi. Akwai marubucin da ke ƙara gishiri a ƙorafi don a dawo masa da wani aiki. Akwai kuma ƙasƙancin da babbar mace ke ji in dole ta faɗi matsalar aurenta a gaban yaro ɗan shekara goma. Amma wanda ya ci amana ana gane shi da wuri, kuma hukuncinsa a fili yake: bencinsa ya bushe, a daina kiransa.

A shekarun 1980 rikoda ta yawaita, mutane suka gano wata hanya da babu hukumar da ta koya musu. Mace ta rufe ɗakinta, ta danna rikoda, ta yi wa mijinta da ke Legas ko 'yarta da ke Jidda magana da bakinta, a naɗe kaset a tsumma a ba direba ko alhaji. Marubuci ya fita, mai karatu ya fita, saura mai kaiwa kaɗai. Muryar ita ce hatimi, ba mai iya kwaikwayonta har ya ruɗi miji ko uwa. A ganina ba a taɓa yin lokacin da asirin wanda bai yi karatu ba ya zauna a hannunsa kamar wannan ba. A cikin waɗannan shekarun ne, a 1985, aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya gida biyu, NIPOST da NITEL, amma tarho bai kai ga talaka ba. Har ƙarshen ƙarni layukan da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba.

Lema, layi da lambar sirri

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin layi yana da tsada, kira yana kai naira hamsin a minti, sai aka koma gidan jiya: tebur, kujera, da lema a bakin titi, mai waya yana buga maka lamba kana biya. A nan ba ƙasa-ƙasa ake magana ba, ɗaga murya ake yi don sabis ba ƙarfi, duk wanda ke layi yana ji. Lambar da ka kira kuma tana nan a wayar bayan ka tafi. Wannan ne karon farko da kayan aikin da kansa ya fara riƙe abin da mai sana'ar bai yi niyyar riƙewa ba. Ba a daɗe ba aka ga illar. A 2007 wani bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya fita, ya yaɗu daga waya zuwa waya a Kano da kewaye, har aka dakatar da shirya fim na watanni. Magana zarar bunu ce, an daɗe da sanin haka, amma ba a taɓa ganin abin da ya fita ya hayayyafa dubu-dubu cikin kwanaki ba.

Daga nan hukuma ta shigo da ƙarfinta. A 2011 hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsu. A Fabrairun 2014 Babban Banki ya fito da BVN. A Oktoban 2015 aka ci tarar MTN dala biliyan 5.2 saboda layuka sama da miliyan biyar da ba a kammala rajistarsu ba kuma ba a rufe ba, daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 330. A Disamban 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Dalilin da aka bayar shi ne tsaro, kuma wanda ya san abin da masu garkuwa da mutane suka yi wa Katsina da Zamfara ta hanyar waya ba zai raina wannan dalili ba. Amma sakamakon shi ne, zuwa 2023 sama da mutum miliyan 100 sun miƙa sunansu, fuskarsu, yatsunsu, ranar haihuwarsu da adireshinsu zuwa rumbu guda. Ba sarkin da ya taɓa tara irin wannan.

Talaka kuwa bai daina buƙatar hannun wani ba, hannuwan ne ma suka ƙaru. Akwai yaron da ke yi masa rajistar layi a ƙarƙashin lema. Akwai mai kafe da ke cike wa ɗansa fom ɗin jarrabawa. Akwai mai gyaran waya da ake bar wa ita a buɗe, da hotunan iyali da saƙonni. Akwai mai POS, wanda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya mayar da shi bankin unguwa. Na sha tsayawa a layi in ji dattijo ya miƙa katinsa ya ce, “Yaro, cire mini dubu biyar,” sannan ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi kowa yana ji. Na ga shagon da aka tara kwafin takardun NIN na mutane a ƙarƙashin tebur, iska tana kwasa. Mafi yawan samarin nan 'ya'yan mutunci ne masu neman halak. Su ne magadan Baffa, ko sun sani ko ba su sani ba. Bambancin shi ne ba wanda ya zaunar da su ya ce musu abin da ke hannunsu amana ne, kuma na'urar da suke aiki da ita ba ta mantuwa.

Bayan su akwai hannuwan da ba a gani, kuma su suka fi girma. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin ba da rance ta waya, Soko Lending, naira miliyan 10. Yadda irin waɗannan manhajoji ke yi shi ne, kafin su ba ka rance sai ka danna amincewa, da wannan dannawa su kwashe duk lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara, sai surukinka da limaminku da maigidanka su sami saƙo ana kiranka macuci. Abin da attajirin can ya nema a bakin gidan waya aka hana shi, shi ake ɗauka yau da danna yatsa ɗaya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta kafa hujja; hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, ciki har da laifin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, kotun musamman kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya ɗaukar ɗan guntun saƙon murya ta ƙera magana da muryar mutum. Jama'ar da ta dogara da saƙon murya fiye da rubutu, kamar tamu, ita ce wannan zai fi cutarwa, don muryar da uwa ke gane ɗanta da ita ta daina zama shaida.

Abin da ya rage

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta tarho. Gana ta yi dokar kare bayanai a 2012, Nijar a 2017. Najeriya ta fara da ƙa'idojin NITDA a 2019, sannan a Yunin 2023 aka sa hannu a cikakkiyar doka wadda ta kafa hukumar NDPC. Da na karanta ta, sai na ga abubuwan da na sani tun ina yaro. Mai karɓar bayananka sai ya faɗi ko shi wane ne da abin da zai yi da su. Kana da ikon tambayar abin da aka rubuta a kanka, ka ce a gyara. Ba a riƙe bayanai fiye da lokacin buƙata, kana kuma iya neman a goge. In asiri ya fita ta hanyar da za ta cutar, sai an sanar da hukuma cikin awa 72. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin tararsa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara. Sa suna, karanta wa mai takarda, ƙona kabon: su ne dai, da lafazin lauyoyi.

Matsalar ita ce waɗanda aka yi dokar dominsu ba su san da ita ba. Dogon rubutun Turancin da ke fitowa kafin a danna amincewa ba karantawa ba ne. Dattijon da ya dangwala yatsa a na'ura ba tare da an gaya masa da harshensa abin da ake ɗauka, da inda za a kai, da wanda zai gani ba, bai yarda da komai ba, ko da kwamfuta ta rubuta cewa ya yarda. Tsohuwar dokar Turawa ta fi mu fahimtar wannan. Don haka abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Duk banki da kamfanin waya da ofishin gwamnati da ke karɓar bayanan mutane a ƙasar Hausa ya yi bayanin da Hausa, da murya, a taƙaice. Gidajen rediyo, waɗanda har yau su ne makarantar manya, su riƙa faɗa wa mutane haƙƙinsu da inda ake kai ƙara. Ƙungiyoyin masu POS da masu gyaran waya, da yake suna da shugabanni kamar yadda maƙera da mahauta ke da sarakunansu, su kafa wa kansu ƙa'ida: juya wa mai kati na'ura ya danna da kansa, kada a buɗe hoton kowa, kada a ajiye kwafi, wanda ya saɓa a tashe shi daga kasuwa. Malamai su sa wannan a huɗuba, domin tura hoton sirrin wani zuwa zauren WhatsApp tonon asiri ne, ko da mai turawar ba shi ya fara fitar da shi ba.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma, don ita ta tilasta a ba ta, kuma ita ta fi kowa tarawa. Mutum yana iya sauya mai POS in bai yarda da shi ba, yana iya sauya lambar sirri in ta fita, amma ba ya iya sauya yatsunsa ko fuskarsa. Wanda ya karɓi abin da ba a iya sauyawa, tilas ya faɗi su wa ya ba izinin dubawa, ya hukunta a fili wanda ya sayar, ya kuma yarda a bincike shi. Bahaushe in ya ɗaga hannu yana addu'a, kafin arziki rufin asiri yake roƙo. Mutanen da suka ɗauki abin da wannan daraja ba su cancanci a riƙa sayar da shi naira ɗari ba, kuma duk wanda sana'arsa ko ofishinsa ya sa asirin wani a hannunsa, tun daga yaron da ke ƙarƙashin lema har shugaban hukuma a Abuja, ya sani cewa za a tambaye shi a kai.